Haɗa Kwamfutar Gem da Kuɗi Kaɗan a Kaduna: Kayan da Za a Saya da Yadda Ake Ƙara Mata Gudu

Yawancin lissafin kayan kwamfutar gem da ake gani a intanet an yi shi ne a ɗaki mai sanyi, inda wuta ba ta ɗaukewa, ƙura kuma ba ta shiga. Wanda ke zaune a Tudun Wada ko Rigasa ko Barnawa yana da abubuwa uku da mai wancan lissafi bai san da su ba: zafin Maris da Afrilu, ƙurar hunturu, da wutar da za ta zo yau da ƙarfi gobe ta zo kamar ta aci-bal-bal. Duk abin da za ka saya, da duk saitin da za ka taɓa a BIOS (shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi), ka auna shi da waɗannan ukun tukuna. Kwamfutar da ta ɗan rage gudu amma ta yi shekara biyar tana aiki ta fi wadda ta tsere wa kowa ta mutu a bazarar farko.

Inda kuɗin zai tafi

Farashi yana bin dala, saboda haka babu amfanin a rubuta maka adadin naira yau, jibi ya canza. Abin da ba ya canzawa shi ne rabo. Wajen kashi 40 cikin ɗari na kuɗinka ya tafi kan katin girafik, mai zana hoton da ke fita a allo, domin shi ne ke ɗaukar nauyin wasa. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da madabod (babban allon da komai ke hawa kansa) su ci kamar kashi 25 zuwa 30. Sauran a raba wa RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da SSD (ma'ajiyar fayiloli) da fawa-fak (mai raba wa kaya wuta) da kesin (akwatin da ake haɗa komai a ciki). Kuɗin UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) ko sitabilaiza kuma ka ware shi tun farko, kada ka ce sai daga baya.

A ɓangaren furosesa, soket ɗin AM4 na AMD, wato mazaunin furosesa a kan madabod, shi ne gidan mai ƙaramin ƙarfi har yanzu. Ryzen 5 5600, mai kor (injinan aiki na cikin furosesa) shida wanda ya fito a 2022, ya ishi kowane kati da mai wannan kasafi zai iya saya. Idan kuɗi bai kai ba, Ryzen 5 3600 na 2019 yana nan da ransa, kuma ana samunsa na hannu da sauƙi. Ryzen 5 5500 ya fi arha, amma ma'ajiyarsa ta ciki rabin ta 5600 ce, megabait 16 maimakon 32, kuma wasanni suna jin wannan bambanci. Wanda bai da kuɗin kati a yanzu ya ɗauki 5600G, mai girafik a jikinsa. Zai buga eFootball da GTA V a saiti mai sauƙi, in Allah ya hore ya sa kati daga baya. A gefen Intel, i3-12100F da i5-12400F kaya ne masu kyau, sai dai a kulle suke, ba a ƙara musu gudu. Intel ba ya barin obakulokin, wato ƙara gudu, sai a furosesa mai harafin K a ƙarshe, kan madabod mai harafin Z, kuma wannan haɗi ya fi ƙarfin aljihun da muke magana a kansa.

Madabod: B450 ko B550. A320 da A520 ba sa ba ka damar taɓa gudun furosesa. Ka duba ƙananan sassan da ke kewaye da soket, waɗanda ke daidaita wutar da furosesa ke sha. A samu ƙarfen sanyaya a kansu, domin a zafin Kaduna tsirara suke wahala. B450 da ta daɗe a shago ba za ta gane Ryzen 5600 ba sai an sabunta BIOS ɗinta. Ka nemi tambarin Ryzen 5000 a jikin kwali, ko ka sa mai shagon ya sabunta a gabanka. Kuma kada a taɓa sabunta BIOS da wutar NEPA kai tsaye. Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da rubutawa, madabod ɗin na iya ƙin tashi gaba ɗaya. A yi shi a kan UPS ko inbata.

RAM gigabait 16 na DDR4, amma sanda biyu masu takwas-takwas, ba sanda ɗaya mai sha shida ba. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu zuwa furosesa, kuma a wasa ana ganin bambancin da ido, musamman a wuraren da hoto ke cijewa. Gudun 3200 mai CL16 ya wadatar. 3600 ya fi idan tazarar kuɗin kaɗan ce. A madabod mai rami huɗu, rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sawa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2.

SSD na NVMe mai gigabait 500 shi ne mafi ƙaranci, terabait ɗaya ya fi kwanciyar hankali tunda wasa guda yanzu yana iya haura gigabait ɗari. Idan na hannu ne, CrystalDiskInfo zai nuna maka lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki.

Katin girafik, da yadda ake gwada na hannu

Nan ne aka fi cutar mutane, saboda haka mu tsaya a kansa.

Ga monita mai 1080p, RX 6600 mai gigabait 8 ne ya fi dacewa da yanayinmu: wat 132 kawai yake sha, ba ya zafi sosai, kuma yana buga yawancin wasanni a saiti mai kyau. Ƙasa da shi akwai GTX 1660 Super mai gigabait 6 da wat 125. Sama da shi akwai RTX 3060 mai gigabait 12 da wat 170. RX 580 mai gigabait 8 shi ne ya cika kasuwa da arha, amma ka san abin da kake saya: kati ne na 2017, yana shan wat 185, kuma da yawansu sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana. Tun da kirifton Ethereum ta daina amfani da katin girafik a Satumbar 2022 aka juye su kasuwa, wasu an wanke su an sa musu sabuwar riga da sabon kwali. Akwai kuma wanda ake rubuta wa 2048SP, wanda a zahiri ƙarfinsa na RX 570 ne. RX 6500 XT kuwa ka ƙyale shi idan madabod ɗinka B450 ce. Layi huɗu kacal yake amfani da su, a ramin kati na PCIe 3.0 irin na B450 yana shaƙewa.

Ko a shagunan da ke kan titin Ahmadu Bello za ka saya, ko wajen Kasuwar Sheikh Gumi, ko daga Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja za a sako maka a mota, ƙa'idar ɗaya ce: gani ya kori ji. Ka tafi da filashi mai ɗauke da manhajojin GPU-Z da HWiNFO na duba bayanan kati da zafinsa, da Unigine Superposition na gwada shi. Ka ce wa mai kaya, “Alhaji, a jona shi mu gani yana aiki na minti ashirin.” Ɗan kasuwa na kirki ba zai ƙi ba. Wanda ya ce babu wuta ko babu lokaci, ka gode masa ka wuce.

Da farko buɗe GPU-Z ka kwatanta adadin shada (ƙananan injinan lissafi na cikin kati) da nau'in memori da abin da kamfanin ya rubuta. Ana ɗauko tsohon kati irin GTS 450 a sauya masa suna a ciki ya koma GTX 1050 Ti. Windows zai yarda, amma GPU-Z yakan tona shi. Alama ta waje ma tana nan: katin zamani da ka gani da shuɗin ramin VGA a bayansa, ka yi zarginsa. Sai ka saki gwajin, ka zuba wa allo ido. Ɗigo-ɗigo masu walƙiya, layuka kore ko ja, baƙin allo na daƙiƙa guda, duk alamun memori mai ciwo ne. Ka kalli fanka biyun: suna juyawa daidai ko ɗaya tana rawa tana ƙara? Ka juya katin ka duba bayan allon. Wurin da ya yi launin toka-toka ko ruwan ƙasa a bayan guntun memori ya sha zafi mai tsawo. Ka duba kan sukurori ko sun cinye saboda yawan kwancewa. A HWiNFO akwai zafi iri biyu, na gaba ɗaya da na wurin da ya fi zafi. Idan tazararsu ta haura digiri 25, man da ke tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya ya bushe. Wannan ana gyara shi da sabon man, wanda ake kira tamal-fes, kuma hujja ce ta neman ragi, ba ta fasa ciniki ba. Idan saƙo za a yi maka daga nesa, ka nemi bidiyon gwajin tare da lambar siriyal a bayyane, da alkawarin mayarwa na kwanaki a rubuce.

Fawa-fak da wutar gari

Araha ba ta ado, kuma babu inda wannan ya fi tabbata irin fawa-fak. Wanda ake bayarwa kyauta da kesin, mara nauyi kamar gwangwanin madara, an rubuta masa wat 600, ba zai ba da rabin haka a layin bolt 12 ba. Ran da ya gaji, yakan tafi da madabod da kati. Ka sayi sabo na kamfanin da aka sani, irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ko MSI, mai wat 550 da shaidar 80 Plus Bronze. Ka karanta takardar da ke gefensa. Layin +12V ya kusan kai jimlar ƙarfin da aka rubuta: mai wat 550 ya nuna wajen amfiya 45. Sannan ka duba inda aka rubuta wutar shiga. Wanda aka rubuta wa bolt 100 zuwa 240 ya fi mana amfani a kan mai 200 zuwa 240, domin idan wuta ta yi ƙasa da yamma, lokacin da kowa ya kunna kayansa a layi, shi zai ci gaba da aiki.

Ryzen 5600 da RX 6600 a tsakiyar wasa suna shan kusan wat 250, da monita a ce 280. UPS mai 650VA da aka fi sayarwa ba wat 650 ba ne. Wat 360 zuwa 390 yake iya ɗauka, kuma batirinsa ƙarami ne. Ka nemi mai 1000 ko 1200VA. Aikinsa ya ba ka minti biyar ka ajiye wasa ka kashe, ba ka ci gaba da buga ƙwallo ba. Wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da UPS mai arha wanda wutarsa ba ta fita sumul. Da an ɗauke wuta sai kwamfutar ta mutu duk da UPS ɗin na kunne. Idan gida na da inbata ta sola mai tsaftatacciyar wuta, ita ta fi. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, kada ka jona masa kwamfuta kai tsaye. Wutarsa hawa da sauka take yi duk lokacin da aka kunna wani abu.

Idan ka taɓa bayan kesin ka ji yana ɗan tsikarinka, gidan ba shi da as, wato wayar da ke kai wuta cikin ƙasa. Ka kira mai gyaran wuta ya kafa sandar as ya haɗa da soket ɗin, domin na'urar kare hawan wuta ma ba ta aiki yadda ya kamata sai da shi. Da damina kuwa, hadari na tasowa da tsawa, a zare filogi daga bango, har da wayar intanet.

Ga mai mita, lissafin mai sauƙi ne: wat 300 na awa huɗu yunit 1.2 ne a rana, wato yunit 36 a wata. Wannan ma dalili ne na fifita kati mai shan wuta kaɗan.

Kesin kuma a zaɓi mai raga a gaba, ba gilashi rufe ruf ba. Fanka biyu masu milimita 120 a gaba suna jawo iska ta cikin matata, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan iskar shiga ta fi ta fita yawa, ƙura ba ta samun kutsawa ta ramukan da babu matata. Fitilu masu launi ba sa ƙara firem (hotunan da wasa ke nunawa a daƙiƙa) ko ɗaya. Kuɗinsu ya tafi kan hitsink, ƙarfen sanyaya furosesa, mai tsayi, mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka 120. Wanda AMD ke sakowa a kwali yana aiki, amma a Afrilu ihu zai riƙa yi.

Wata hanya ga wanda aljihunsa ya yi ƙasa sosai: tsohuwar kwamfutar ofis 'yar Beljiyam, Dell OptiPlex ko HP, a sa mata GTX 1650 ko RX 6400 waɗanda ba sa buƙatar wayar wuta ta daban. Tana aiki, sai dai fawa-fak ɗinta ƙarami ne, filoginta na gidansu ne, BIOS ɗinta kuma a kulle. Ka tabbata furosesar ta kai ƙarni na takwas na Intel, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma daga nan ta fara karɓa.

Kurakuran ranar haɗawa

Da hunturu iska a bushe take. Irin tartsatsin da kake ji in ka cire rigar sanyi ya isa ya lalata RAM. Ka yi aikin a kan tebur, ba kan kafet ba, kana taɓa ƙarfen kesin jefi-jefi. Ka fara tayar da kwamfutar a waje, madabod na kan kwalinta, da furosesa da RAM da kati kawai. In akwai matsala, ganowa ta fi sauƙi.

Furosesar AM4 a jikinta allurai suke. Ka daidaita ɗan alwatika mai ruwan zinare da na soket, ta faɗa da kanta. In sai ka danna, ba daidai take ba. Ka ɓare ledar da ke ƙasan hitsink, mutane da yawa na mantawa sai su ga digiri 95 daga kunnawa. Tamal-fes kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa. A ɗaure sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan. Wayar fil takwas ta furosesa daban take da ta kati mai 6+2, ko da sun yi kama. A karanta rubutun jikinsu. Wayar monita a bayan kati take shiga, ba a madabod ba. Tashin farko yakan ɗauki minti guda allo na baƙi yayin da madabod ke gwada RAM. Ka yi haƙuri kafin ka kashe.

Ƙarin gudu: abin da yake, da abin da yake ci

Obakulokin shi ne ka sa furosesa ko kati ko RAM su yi gudu fiye da yadda kamfani ya saita su. Gudu mai yawa yana buƙatar ƙarin boltej, kuma nan matsalar take: zafi yana ƙaruwa daidai da gudu, amma da boltej ninkuwa yake yi. Ka ƙara boltej da kashi 10, wutar da ake sha ta ƙaru da kashi 21 tun kafin a lissafa ƙarin gudun. Kayan yanzu kuma da kansu suke ƙara gudu idan sun ji sanyi, su rage idan sun ji zafi. Ma'ana, a ɗakin da ya kai digiri 35, wanda ya cusa boltej yana iya ƙarewa da gudu ƙasa da na wanda bai taɓa komai ba. Garin neman ƙiba a samo rama. Masu gwaji a Turai da Amurka ɗakunansu digiri 21 zuwa 23 ne. Duk digiri ɗaya da ɗakinka ya fi nasu, kayanka ma sun fi nasu da digiri ɗaya. Saboda haka lambobin da ka gani a bidiyon wani ba naka ba ne, kuma a garin nan rage boltej ya fi ƙara shi riba.

Kafin ka taɓa komai, ka rubuta yadda kwamfutar take. Saki manhajar gwajin furosesa Cinebench R23 na minti goma, ka rubuta maki da zafi mafi girma daga HWiNFO. Saki Superposition ka rubuta nasa. Ka kuma rubuta lokaci da yanayin ɗakin. Daga nan abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta. Wanda ya canza abu uku tare, kwamfuta ta faɗi, bai san wanne ne mai laifi ba. Ka kuma gano inda batirin CR2032 yake a madabod: idan saiti ya hana ta tashi, zare wuta, cire batirin na minti biyar, mayar, komai ya koma yadda ya zo.

Mataki na farko, wanda ya fi kowanne biyan kuɗin sabulu, shi ne RAM. Sandar da aka rubuta wa 3200 tana tashi ne a 2133 ko 2400 har sai ka umarce ta. Danna Delete yayin tashi, ka nemi XMP, saitin da ke ba RAM gudun da aka rubuta mata. A madabod ɗin ASUS ta AMD sunansa DOCP, a MSI kuma A-XMP. Zaɓi furofayil na ɗaya, boltej zai koma 1.35 da kansa. Idan RAM ɗin 3600 ne, ka tabbata FCLK, gudun hanyar sadarwa ta cikin furosesa, na kan 1800, wato rabin lambar, domin su tafi kafaɗa da kafaɗa. Sai gwaji da MemTest86 zagaye huɗu, ko TestMem5. Kuskure ko guda ɗaya ne ba a yafe shi, domin RAM mara tsayuwa a ɓoye take lalata fayiloli, sai bayan wata guda Windows ya fara shuɗin allo ba ka san dalili ba. In kuskure ya fito, sauko daga 3600 zuwa 3466 ko 3200. Boltej na SoC, ɓangaren furosesa mai kula da RAM, ya zauna wajen 1.1, kada ya kai 1.2. Tun kana cikin BIOS, ka kashe CSM, ka kunna Above 4G Decoding da Resizable BAR. Katunan RX 6000 da RTX 30 suna samun ɗan ƙari daga nan kyauta.

Mataki na biyu furosesa. A Ryzen 5600 ba ma ba da shawarar kafa gudu ɗaya da hannu. Hanyar da ta fi ita ce Curve Optimizer, wanda ke rage boltej a kowane matakin gudu, furosesar ta yi sanyi, ita kuma ta ƙara gudu da kanta. A BIOS shiga AMD Overclocking, sai Precision Boost Overdrive (PBO), ka mai da shi Advanced. Iyakokin wuta ka bar su yadda AMD ta sa, wat 76 ne ga wannan furosesa, kuma a zafinmu ya isa. A Curve Optimizer zaɓi All Cores, alamar Negative, lamba 10. Tashi, gwada. In ta tsaya, koma 15, sai 20. Iyakar ita ce 30, amma ba kowace furosesa ke kaiwa ba, ko da samfurinsu ɗaya.

Abin da ke ruɗa mutane a nan shi ne inda matsalar ke fitowa. Rage boltej da ya wuce kima ba ya faɗuwa a Cinebench. Yana faɗuwa ne lokacin da kwamfuta ke zaune ba ta komai, ko kana buɗe burauza, sai ta mutu ta tashi da kanta. Dalili shi ne a aiki mara nauyi kor ɗaya ke hawa gudunta mafi girma, kuma a can ne boltej ɗin ke gazawa. Saboda haka ka gwada da manhajar OCCT a kor ɗaya-ɗaya, ko da CoreCycler ka bar shi ya kwana. Ka buɗe Event Viewer na Windows ka nemi WHEA-Logger mai lamba 18; yakan nuna kor ɗin da ta faɗi. Yawanci kor biyu mafiya kyau, waɗanda Ryzen Master ke yi wa alama, su ne ba sa jure ragi mai yawa. Ka mai da saitin Per Core, ka ba su 10, sauran 20. Bayan komai ya tsaya na kwana biyu ko uku za ka iya gwada ƙarin megahaz 100 a Boost Override, idan zafi bai wuce 80 a wasa ba. Iyakar waɗannan furosesoshi tsakanin 90 da 95 take, amma zama kusa da iyaka ba dabara ba ce. Ka sani kuma, AMD na ɗaukar kunna PBO a matsayin fita daga garanti.

Ryzen 3600 ba shi da Curve Optimizer. Ka kunna masa XMP, ka ba shi hitsink mai kyau, ka bar shi. Wanda ya dage sai ya kafa gudu da hannu, ya tsaya wajen bolt 1.25, kada ya haura 1.3, boltej mai yawa a zafi yana cin furosesar a hankali, bayan watanni gudun da take riƙewa da sai ta kasa.

Mataki na uku kati, kuma shi ne ya fi sauƙi tunda daga cikin Windows ake yi. Na Nvidia da MSI Afterburner, na AMD da manhajar Adrenalin a sashen Tuning. Kada ka kunna zaɓin da ke loda saiti yayin tashin Windows sai ka gama gwaji, in ba haka ba saiti mara kyau zai riƙa kayar da kwamfutar duk tashi. Fara da fanka: ta kai kashi 60 a digiri 65, kashi 80 a digiri 75. A Nvidia ƙara gudun kor da megahaz 15 a kowane mataki, kana sakin Superposition. Da wasa ya rufe kansa ko direba ya faɗi, koma baya mataki biyu. Memori kuma da ɗari-ɗari. Memorin GDDR6 ba kullum yake nuna ɗigo ba idan an wuce iyakarsa. Yana sake aika abin da ya lalace ne, sai maki ya fara sauka alhali lambar na hawa. Inda maki ya daina ƙaruwa, nan ne iyakarka, ka ja baya kaɗan. Duk wannan wahala ribarta ba ta cika wuce kashi 5 zuwa 10 ba: firem 60 ya koma 64 ko 65.

Shi ya sa ga yawancin katunan da ke Kaduna muka fi son rage boltej. A Adrenalin ka bar gudu yadda yake, ka riƙa sauke boltej da milibolt 20, kana gwadawa, har ya faɗi, sannan ka mayar da 20 sama. RX 580 da ke tashi wajen milibolt 1150 sau da yawa yana aiki lafiya ƙasa da haka, zafi da ƙarar fanka su ragu sosai, firem bai canza ba. A Afterburner danna Ctrl da F, layin gudu da boltej zai fito. Zaɓi wuri a kan layin kamar milibolt 900, ɗaga shi zuwa gudun da katin ke yi a wasa, ka miƙar da duk abin da ke damansa. Ka nemi kor ya zauna ƙasa da digiri 75 zuwa 80. A katunan AMD na RX 6000 wuri mafi zafi an yarda ya kai 110, amma ka riƙe shi ƙasa da 95. Gwajin ƙarshe kuma ba manhaja ba ce, wasan da kake bugawa ne, na awa biyu cur. In wasan na da FSR ko DLSS, saitin da ke zana hoto ƙarami ya faɗaɗa shi, kunna shi a matakin Quality zai ba ka firem fiye da duk abin da obakulokin ya bayar. Ka leƙa saitin allo na Windows ma. Monita masu iya nuna firem 75 ko 144 a daƙiƙa da yawa suna nan zaune a kan 60 mai su bai sani ba.

Saitin da ya tsaya daram a Disamba, lokacin da ake kwana da bargo, ba lallai ya tsaya a Afrilu ba. Ka ajiye furofayil biyu a BIOS da Afterburner, na sanyi da na zafi, kuma idan bazara ta shigo ka sake gwajin da ƙarfe uku na rana, ba da dare ba. Idan kwamfuta ta fara mutuwa a tsakiyar wasa ba tare da shuɗin allo ba, kamar an zare filogi, fawa-fak ne ko zafi. Idan shuɗin allo ne mai canza saƙo kowane lokaci, RAM ce. Idan wasan kaɗai ke rufewa, kati ne.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka cire matatar gaba duk mako biyu ka wanke, ta bushe sarai kafin ka mayar. Ka haska tocila tsakanin fankar furosesa da haƙarƙarin hitsink: ƙurar hunturu takan taru a wurin ta zama kamar ɗan bargo ja, iska ba ta wucewa, fanka na juyawa a banza. A fitar da kesin waje a hure da bulowa, yatsa na riƙe da kowace fanka don kada iska ta juya ta fiye da kima ta lalata ta. Kada a kai wa mai faci ya hura da kwamfuresa, iskarsa na ɗauke da ruwa da mai. Kesin ya zauna kan tebur ko benci, ba ƙasa ba, da tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango. Tamal-fes na furosesa a sake shi bayan shekara biyu, kuma kafin a cire hitsink na AM4 a bar kwamfutar ta yi aiki na minti goma man ya yi laushi, sannan a murza shi hagu da dama a hankali. In aka fizge shi a sanyi, yakan taho da furosesar manne a ƙasansa, allurai su lanƙwashe.